Farin Ruwa da Baƙin Ruwa: Abin da Binciken Labarin Ƙasa Ya Gano Game da Ambaliya a Gaɓar Tafkin Kainji

Tsakure

Maƙalar ta duba dalilan ambaliyar da ke addabar Yauri da Ngaski da Shanga bisa sakamakon binciken masana labarin ƙasa da na ruwa. Ta nuna cewa ruwan da ke cin gonaki a wannan yanki yana da sanannen mafari da sanannen lokacin zuwa, kuma abubuwa uku ne suka taru suka ƙara masa ƙarfi: tafkin da aka ƙirƙira a 1968, da lalacewar ƙasa a yankin Sahel, da tsanantar hadari sakamakon ɗumamar duniya. Daga nan ta taɓo wasu mas'alolin mu'amala waɗanda hukuncinsu ya rataya a kan fahimtar wannan al'amari.

Gabatarwa

Duk malamin da ya zauna a garuruwan gaɓar Kwara a ƙasar Yauri ya san irin tambayoyin da watan Satumba ke kawowa zaurensa. Wani ya karɓi hayar fadama, ya biya tun bazara, ruwa ya zo ya shanye shinkafar tana gab da nuna: shin kuɗin hayar ya zauna ko a mayar masa? Wani ya sayi fili da rani, ƙasa busasshiya ƙayau, damina ta farko ruwa ya kai masa taga, ya ce mai sayarwar ya san halin wurin ya ɓoye. Wani kuwa tambayarsa ta fi nauyi, domin rai ne ya salwanta a jirgi. Malaman usulu sun daɗe da kafa ƙa'idar cewa ba a hukunta abu sai an san haƙiƙaninsa. A waɗannan mas'aloli, wani sashe na haƙiƙanin yana hannun masu auna ruwa da masu nazarin ƙasa, domin amsa tana sauyawa gwargwadon ko ruwan nan baƙo ne da ba wanda ya zata, ko kuwa ɗan gida ne mai lokacin zuwa.

A bakin jama'a ana jin bayani iri biyu. Wasu su ce ruwan sama ne ya yi yawa, wasu su ce masu dam ne suka riƙe ruwa. Kowannensu ya kama wani gefe na gaskiya. Sai dai wanda ya tsaya a ɗayansu ba zai gane dalilin da ya sa kogi kan tumbatsa a Yauri a makon da ba a ga hadari a samanta ba, ko dalilin da ya sa ambaliya ta ƙaru alhali ruwan saman shekara bai kai na zamanin kakanninmu ba.

Kogi ɗaya, cika biyu

Kogin Kwara, wanda littattafan makaranta ke kira Neja, yana da tsawon kimanin kilomita 4,200. Ya tsiro ne daga duwatsun ƙasar Gini, ba nisa da Tekun Atilantika, amma maimakon ya gangara teku sai ya nufi Sahara. Ya ratsa Mali ta Bamako da Mopti, ya gitta kusa da Tumbuktu, sannan ya karkato kudu maso gabas ta Gao da Yamai da Gaya, ya shigo Nijeriya ta jihar Kebbi. Wannan doguwar hanya ce ta sa yake cika sau biyu a shekara kafin ya wuce ƙasar Yauri.

Cika ta ɗaya ita ce baƙin ruwa, wato ruwan daminar Gini. Idan ya iso tsakiyar Mali sai ya faɗa wata shimfiɗaɗɗiyar fadama, ƙasar Masina ta Shehu Ahmadu Lobbo wadda ɗaliban tarihin jihadi suka sani, ya bazu a cikinta ya yi watanni. A can rana take shan kaso mai tsoka, laka kuma ta kwanta. Abin da ya fita yakan taho a hankali, garai-garai, ya iso Nijeriya a ƙarshen shekara, ya kai ƙololuwarsa tsakanin Janairu da Fabrairu, lokacin da ake tsakiyar hunturu a Yauri. Wannan ruwa mai haƙuri ne, ba kasafai yake yin ɓarna ba.

Cika ta biyu ita ce farin ruwa, kuma ita ce abin tsoro. Ruwan daminar kusa ne, daga Agusta zuwa Oktoba, wanda bai sami wata fadama da za ta tsayar da shi ba. Yana zuwa daga koguna uku da ke gangarowa daga Burkina Faso su faɗa Kwara sama da Yamai, wato Goruwal da Dargol da Sirba, da kogunan arewacin Binin irin su Mekuru da Alibori da Sota, da kuma Gulbin Sakkwato wanda ya tattaro Rima da Zamfara da Ka. Can ƙasa da Yauri kuma Malendo na zuba nasa a cikin tafki kai tsaye. Ke nan ruwan da aka sheƙa a Gusau ko Ƙaura Namoda, har ma da na Jibiya wanda Gulbin Maraɗi ke zagayawa da shi ta Nijar ya dawo da shi Rima, duk ta gaban Yauri zai wuce. Yumɓun da ya kwaso ne ke ba shi launin fari-fari. A Yamai masana na kiransa jan ruwa, saboda jar ƙasar da yake ɗauke da ita a can.

Tafkin da aka ƙirƙira

An fara gina madatsar Kainji a 1964, aka rufe kogin a 1968, aka buɗe tashar lantarkin a watan Fabrairun 1969. Injinanta takwas ne, masu ƙarfin megawat 760 a jimilla. Ruwan da aka tare ya zama tafki mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 1,270, mai tsawon kusan kilomita 135 daga jikin dam ɗin har zuwa wajen Yelwa, garin da a yau aka fi sani da Yauri. Tsohuwar Busa ta nutse, haka tsibirin Foge da gungun Gungawa da yawa, inda suka shahara da noman albasa. An tashi mutum kimanin 44,000, daga Gungawa da Kambari da Lopawa da Busawa da Hausawa da sauransu, aka zaunar da su a sababbin ƙauyuka masu gidajen siminti. Farfesa Akin Mabogunje ya jagoranci nazarin halin zaman waɗannan al'ummu a farkon shekarun 1970, daga baya kuma Wolf Roder ya bibiyi yadda suka saba da tafkin.

Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe a nan shi ne yadda tafkin ke numfashi. Idan ya cika, fuskar ruwansa takan kai kimanin mita 142 sama da teku. Daga wajen watan Maris sai ya fara ja, domin injina na sha kuma abin da ke shigowa ya ragu, har ya sauka da kusan mita 10 kafin tsakiyar damina. Farin ruwa ne ke sake cika shi, baƙin ruwa kuma ya riƙe shi a cike har ƙarshen hunturu. Da yake gaɓar shimfiɗaɗɗiya ce a wurare da dama, saukar mita 10 takan buɗe fili mai yawan gaske, mai danshi, mai taki. Manoma na bin ruwan suna shuka, makiyaya na bin ciyawar. Albarka ce babba, amma ƙasa ce ta aro: ruwan da ya ba da ita zai dawo ya karɓa a cikin shekarar.

Akwai kuma bambanci tsakanin mazaunin sama da dam da mazaunin ƙasa da shi, kuma yawancin gardamar da ake yi a kan ambaliya daga rashin lura da shi take. Mutanen Jebba da Mokwa da Lakwaja suna tsoron a buɗe ƙofofi. Mutanen Wara a Ngaski, da na Yauri, da na ƙauyukan Shanga da ke sama da su, abin da ke cutar da su shi ne tafki ya cika a lokacin da farin ruwa bai gama zuwa ba. Kogin da ya taho da gudu ya iske tafki a cike, sai ya rasa inda zai zuba, ya yi baya, ya fantsama a fadamu. Bugu da ƙari, duk kogin da ya shiga tafki yakan sauke yashinsa ne a daidai inda gudunsa ya mutu, wato a bakin tafkin na sama, wanda a nan shi ne yankin Yauri. Yashi na taruwa, kwarin kogi na raguwa, ruwan da dā yake wucewa cikin kwari sai ya nemi gefe. Masu tafiyar da dam ɗin kuwa suna tsakanin wuta biyu: in sun rage ruwa da wuri don su bar wa farin ruwa wuri, sai damina ta zo da ƙaranci, lantarki ya yi ƙasa da rani, in sun riƙe, sai ta zo da yawa, dole su zaɓi wanda zai sha ruwa tsakanin na sama da na ƙasa.

Ƙarancin ruwan sama, yawan ambaliya

A nan ne binciken ya zo da abin da hankali bai zata ba. Kowa ya san farin da ya afka wa Sahel a 1972 zuwa 1974, da wanda ya fi shi tsanani a 1983 zuwa 1985, har Kwara ya daina gudu a Yamai a watan Yunin 1985. Baƙin ruwa ya ragu ƙwarai a waɗannan shekaru, kamar yadda ake tsammani. Amma da masu auna ruwa suka duba ƙananan kogunan Sahel, sai suka tarar ruwan da suke kawowa ƙaruwa ya yi. Jean Albergel ya lura da haka a Burkina Faso tun 1987, daga baya Luc Descroix da abokan aikinsa na cibiyar bincike ta IRD ta Faransa suka faɗaɗa nazarin a kan kogunan da ke sama da Yamai. Sun kira abin da sunan da ke nufin baƙon al'amarin Sahel: sama ta rage bayarwa, kogi ya ƙara karɓa.

Sirrin yana cikin kalmar da kowane manomi ya sani, wato faƙo. Ƙasar da ke da itatuwa da ciyawa da ganyen da ya ruɓe tana shan ruwa kamar soso. Saiwoyi da gara da tsutsotsi sun huda ta ko'ina. Idan fari ya kashe itatuwa, gatari ya ƙarasa sauran, aka daina barin saura domin jama'a ta yi yawa, sai ɗigon ruwa ya riƙa dukan ƙasa tsirara. Dukan yana farfasa ƙurar saman ƙasa, ƙurar ta toshe ƙofofin, rana ta gasa ta, ta zama ɓawo mai tauri. Ruwan da dā zai nutse ya ciyar da rijiya da shuka, yanzu sai ya kwaranya. Kwaranya ta haƙa kwazazzabo, kwazazzabo ya haɗe da ɗan'uwansa, har kwarurukan da dā ruwansu ke tsayawa a tabkuna ya ƙafe a can suka ɓalle suka sami hanya zuwa babban kogi. Da haka yankin da ke zuba wa Kwara ruwa a damina ya ƙara faɗi, ruwan kuma ya ƙara sauri.

Sakamakon ya fito ƙarara a ma'aunin Yamai. A dā jan ruwa ɗan tudu ne kawai a gaban cikar Gini. Yanzu ya zama cika mai zaman kanta, kuma a shekaru irin su 2010 da 2012 da 2020 shi ne ya kafa tarihi. A Satumbar 2020 ma'aunin ya kai kusan mita 7, abin da ba a taɓa rubutawa ba tun da aka fara auna kogin a wurin. Ruwan nan bai tsaya a Yamai ba. Ya biyo Gaya ya shigo Kebbi, ya haɗu da na Gulbin Sakkwato, kuma a wannan shekara ƙungiyar manoman shinkafa ta jihar ta ƙiyasta cewa gonaki kimanin hekta 450,000 ne suka nutse.

Ba a Burkina da Nijar kaɗai ake yin faƙo ba. Wanda ya bi hanya daga Koko zuwa Yauri, ko daga Yauri zuwa Wara, ya ga buhunan gawayi a bakin titi ya ga kuma ramukan masu haƙar zinari, ya ga mafarin abu ɗaya. Abin ƙarfafa guiwa shi ne faƙo yana warkewa. A jihohin Maraɗi da Damagaram, manoma sun riƙa barin tohon da ke fitowa daga kututturen gawo da sauran itatuwa suna renonsa a cikin gona, tun tsakiyar shekarun 1980, har hotunan tauraron ɗan'adam suka nuna ƙasa kimanin hekta miliyan 5 ta sake yin itatuwa. Haka ramukan tassa da na rabin wata da ake haƙawa a kan faƙo suna tsayar da ruwa a inda ya sauka.

Hadarin da ya sauya hali

Tun daga shekarun 1990 ruwan sama ya fara dawowa Sahel, amma bai dawo da halinsa na dā ba. Ma'aunai sun nuna cewa kwanakin ruwa ba su koma yadda suke a shekarun 1950 ba, sai dai ruwan da ke sauka a rana guda ya ƙara yawa. A 2017 Christopher Taylor da abokan aikinsa suka wallafa bincike a mujallar Nature, bisa hotunan tauraron ɗan'adam na shekara 35, inda suka nuna cewa manyan hadura masu tsanani a Sahel sun ninka sau uku tun 1982. Sun danganta haka da yadda Sahara ke ƙara zafi fiye da ƙasashen da ke kudu da ita. Wannan bambancin zafi yana ƙarfafa iskokin da ke gina hadari, ya sa ya yi tsawo ya yi faɗi. Akwai kuma ƙa'idar kimiyya da aka daɗe da sani: duk ƙarin zafi na digiri ɗaya a ma'aunin Salshiyas yana ba iska ikon ɗaukar ƙarin tururin ruwa kimanin kashi 7 cikin 100. Kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan sauyin yanayi ya bayyana a rahotonsa na 2021 cewa duniya ta ƙara zafi da kimanin digiri 1.1 a kan yadda take a ƙarshen ƙarni na 19.

To, ruwa mai ƙarfi a kan faƙo, shi ne farin ruwan yau.

Wani reshe sabo na binciken yana ƙoƙarin auna rabon ɗumamar duniya a cikin ambaliya guda. Hanyar ita ce a kwaikwayi yanayin duniya a kwamfuta sau da yawa, da hayaƙin masana'antu da kuma ba tare da shi ba, a ga sau nawa irin wannan ruwa ke faruwa a kowanne. Bayan ambaliyar 2022, wadda ta kashe fiye da mutum 600 a Nijeriya ta kuma raba kimanin miliyan 1.4 da gidajensu, ƙungiyar masana ta World Weather Attribution ta ce ɗumamar ta ninka yiwuwar irin daminar da aka yi a yankin Tafkin Chadi kusan sau 80, ta kuma ninka yiwuwar ruwa mai ƙarfi na 'yan kwanaki a ƙasan Kwara kusan sau biyu. A kan daminar 2024 ta ce ruwan yankunan Kwara da Tafkin Chadi ya ƙara ƙarfi da kashi 5 zuwa 20 cikin 100. Waɗannan alƙaluma na manyan yankuna ne, kuskure ne a ɗauke su a liƙa wa ƙauye guda. A ganina ma, yawan ambatonsu yana da wata illa: yana sauƙaƙa wa mahukunta su jingina komai ga sauyin yanayi, alhali su kansu masu binciken sun nanata cewa zama a hanyar ruwa da talauci da rashin magudanai ne suka mayar da ruwan ya zama masifa.

Wani abin lura shi ne maganar da injiniyoyi ke yi ta ambaliyar shekara ɗari. Ba tana nufin in ta zo bana an huta sai bayan ƙarni ba. Ma'anarta ita ce yiwuwar zuwanta a kowace shekara ɗaya ce cikin ɗari, kuma wanda ya zauna a irin wannan wuri shekara 30, yiwuwar ta same shi ta haura ɗaya cikin huɗu. Shi kansa wannan lissafi an gina shi ne bisa zaton cewa gobe za ta yi kama da jiya, zaton da binciken da aka ambata ya raunana.

Wanda ke kan hanyar ruwa

Masana labarin ƙasa ba sa kiran ruwa shi kaɗai haɗari. Sai ya iske mutum ko dukiya a hanyarsa, kuma wanda ya iske ɗin ba shi da ƙarfin kaucewa ko farfaɗowa. Shekarun fari sun yaudari mutane da yawa a duk faɗin Sahel: wuraren da dattawa suka sani na ruwa ne sun yi shekara ashirin a bushe, aka yanka filaye aka yi gini. A gaɓar Kainji an ƙara da wasu dalilai. Bunƙasar noman shinkafa a Kebbi, musamman tun ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Bankin Nijeriya a Birnin Kebbi a 2015, ta tura jari mai yawa cikin fadama, kuma jarin na bashi ne. Matsalar 'yan bindiga a sassan Shanga da Ngaski da maƙwabtansu na jihar Neja ta kori mutane daga tudu zuwa garuruwan bakin ruwa, ta kuma sa da yawa sun gwammace jirgi a kan mota.

A ranar 26 ga Mayun 2021, jirgin ruwa da ya taso daga Lokon Minna a jihar Neja zuwa Wara ya dare a tsakiyar ruwa ɗauke da fiye da mutum 150, kuma 'yan kaɗan ne suka tsira. Hukumomi sun ambaci tsufan jirgin da lodin da ya wuce ƙima. Abin lura ga mai nazarin ƙasa shi ne watan da abin ya faru: ba lokacin cika ba ne, lokacin jan ruwa ne. Tafkin yana da haɗarinsa na rani. Dajin da ruwa ya rufe a 1968 ba a sare shi duka ba, kuma idan ruwa ya sauka kututturan na matsowa kusa da cikin jirgi. Hukumar HYPPADEC, wadda aka kafa don raya yankunan da ke samar da lantarki daga ruwa, ta sa hannu a aikin cire su da rabon rigunan ruwa.

Abin da ya shafi mai fatawa

Malaman Musulunci ba baƙi ba ne ga ilimin kogi. Ma'aunin Nilu da ke tsibirin Rauda a Alƙahira, wanda aka gina a 861 Miladiyya zamanin Halifa Mutawakkil, da shi ake sanin halin shekara har a daidaita haraji. Malaman tarihin Makka sun kawo cewa bayan ambaliyar Ummu Nahshal, wadda ta ɗauke Maƙamu Ibrahim daga wurinsa, Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, ya sa aka yi shinge a saman garin don karkatar da ruwa. Imam Suyuɗi, wanda ya yi wa sarakunan Katsina da Agadas wasiƙar nasiha, yana da risala sukutum a kan hana gini a gaɓar kogi, wadda ke cikin Al-Hawi lil Fatawi.

Mas'alar hayar fadama ta fi kowace dacewa da gaɓar Kainji. Littattafan Malikiyya, tun daga Mudawwana, sun yi magana a kan ƙasar da ruwa ya rufe: ana iya ƙulla hayarta bisa sharaɗin ruwan ya janye, amma ba a biya gaba sai in janyewar tabbatacciya ce bisa al'ada. Muhtasar na Shehu Halilu kuma ya bambanta ruwan da ya hana shuka tun farko da wanda ya ci amfani bayan lokacin shuka ya wuce. A na biyun haya tana kan mai haya. Sai dai ƙasar da tafki ke buɗewa ba janyewar ruwa kaɗai ke da tabbas a kanta ba, dawowarsa ma tabbas ce, abin da ke sauyawa shi ne mako. Saboda haka filaye biyu da ke maƙwabtaka, ɗaya a sama da iyakar cikar tafki ɗaya a ƙasa da ita, ba za su ɗauki hukunci ɗaya ba. A na ƙasa, tambayar da za a fara yi ita ce ko kwanakin da ke tsakanin janyewar ruwa da dawowarsa sun isa irin da aka shuka ya nuna. In bisa al'ada ba su isa ba, to akwai garari a cikin cinikin tun ranar ƙulla shi.

Haka batun fili. Wurin da ruwa ke kwanciya a kai duk bayan 'yan shekaru yana da aibi da ke rage daraja, kuma aibi ne da ba ya ganuwa da rani. A dā shaidar dattawan unguwa kaɗai ake da ita. Yanzu hotunan tauraron ɗan'adam, ciki har da na'urorin da ke gani ta cikin gajimare, suna nuna iyakar da ruwa ya kai a kowace damina, kuma alƙali na iya neman masani ya karanta masa su kamar yadda yake neman likita a kan rauni. A batun jirgi ma malamai sun ɗauke lamuni daga matuƙin da jirginsa ya nutse yana aikin da aka saba, suka ɗora wa wanda ya ƙetare iyaka. Adadin da jirgi zai iya ɗauka, da hanyar da ke da kututture a watan Mayu, abubuwa ne da ake iya sani kafin a tashi.

Saura batun gargaɗi. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, hukumar NIHSA kuma tana fitar da jerin ƙananan hukumomin da ambaliya ke iya shafa, kuma na gaɓar Kwara a Kebbi kan fito a ciki akai-akai. Hukumar Raya Kogin Neja mai ƙasashe tara, wadda hedikwatarta ke Yamai, tana sanar da ƙasashen da ke ƙasa idan ma'auni ya kai matakin haɗari. Ruwan da aka gani a Yamai yana ɗaukar kwanaki kafin ya iso ma'aunin Jidere Bode a Kebbi, daga nan kuma ya gangaro Shanga da Yauri. Kwanakin nan sun isa a yanke shinkafar da ta nuna, a kwashe rumbu, a hau da dabbobi tudu. Inda igiyar ke tsinkewa shi ne tsakanin ofis da gungu: sanarwar takan fito da Turanci, da sunan ƙaramar hukuma gaba ɗaya, a lissafin mita da santimita. Masunci ko manomi yana son ya ji da Hausa ko Gunganci ko Kambarci cewa nan da kwana kaza ruwa zai kai gindin tsamiyar da ya kai a 2020, ko zai wuce ta. Sarkin ruwa da mai gari sun san tsamiyar, limamin Juma'a kuwa shi ne mutumin da duk ƙauyukan kewaye ke zama a gabansa sau ɗaya a mako, har a makonnin Agusta da Satumba da farin ruwa ke kan hanya.